Muhawara: Ayyukan da waya za ta iya yi da kanta, da inda take ba da kunya

Auwal Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Akwai ayyukan da kusan kowa ke maimaitawa a waya sau goma a yini: sa ta shiru in za a shiga sallah, kashe data in an hau Wi-Fi, rubuta lambar akawun ga mai son turo kuɗi, duba sauran data. Wanne daga ciki waya za ta iya ɗauke wa mutum, kuma ta wace hanya? Don Allah masana a faɗi matakan, ba a ce "akwai manhaja" a yi shiru ba.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Duk harkar nan duwatsun murhu ce, uku ne. Na farko abin da zai tayar da aikin, kamar lokaci ko wuri ko jona caja. Na biyu aikin da za a yi. Na uku sharaɗi, wato a yi amma sai in kaza. Mu kira abin da aka haɗa da su "doka" don sauƙin magana.

Mai Samsung ba ya buƙatar sauke komai. Ya shiga Settings, ya nemi Modes and Routines, ya taɓa Routines, sai alamar +. Zai ga If a sama, Then a ƙasa. A tsofaffin wayoyinsu sunan abin Bixby Routines, kuma wasu ƙananan wayoyin rukunin A ba su zo da shi ba. Mai iPhone ya buɗe Shortcuts ya shiga Automation. Daga iOS 17 akwai zaɓin Run Immediately a kusan kowace doka, a tabbatar an zaɓe shi, in ba haka ba wayar za ta tsaya neman izini duk lokacin da dokar ta tashi, an koma gidan jiya ke nan. Masu Tecno, Infinix, Itel da Redmi kuwa manhajar MacroDroid ce mafi sauƙi. Kyautarta doka biyar ce, in ana son ƙari sai an biya. Tasker ta fi ta ƙarfi, amma ta kuɗi ce kuma sai an zauna an koye ta.

Misalin data a Samsung: a If ka zaɓi Wi-Fi network ka nuna na gidanka, a Then ka zaɓi Mobile data ka sa Off.

Malam Nasiru: Injiniya, wannan misalin naka da gyara. Waya in tana kan Wi-Fi ai ba ta cin datar layi dama. Ɓarnar tana faruwa ne lokacin da aka ɗauke wuta, rauta ta mutu, wayar ta sulale kan datar layi tana tsakiyar sauke bidiyo. To dokar Samsung kuma in ta ƙare tana mayar da komai yadda ta same shi. Wi-Fi na yankewa za ta kunna datar da kanta. Ka ga ba a tsira da komai ba.

Injiniya Bala: Gaskiyarka Malam. A ƙasan dokar akwai wurin da aka rubuta When routine ends, a nan ake cire mayar da datar. Sai dai in an cire, mutum zai fita gida datarsa a kashe, ya yi ta mamakin shirun WhatsApp. Abin da ya fi shi ne a bar datar a kunne, a haɗa doka ta biyu: in Wi-Fi ya yanke, a kunna Data saver. Saƙonni za su shigo, manyan abubuwan da ke sauka a ɓoye su tsaya.

Sani Mai Gyara: Kafin a yi nisa, bari in faɗi abin da ke kashe yawancin dokokin nan a wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu. Tecno da Infinix da Itel suna kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye don batir ya daɗe. Mutum zai haɗa doka ya gwada ta yi aiki, gobe ta ƙi, ya ce manhajar ce ba ta da kyau. Alhali wayar ce ta shaƙe ta cikin dare. Abu huɗu ake yi tun ranar farko. A shiga Settings, Apps, MacroDroid, Battery, a zaɓi Unrestricted ko Don't optimize, gwargwadon yadda wayar ta rubuta. A buɗe Phone Master a nemi Auto-start management a ba ta izini. A buɗe jerin manhajojin da ke buɗe a sa mata kwaɗo, don kada share-duka ya kwashe ta. Sannan ƙaramar sanarwar nan da take ajiyewa a saman waya, kada a toshe ta, ita ce shaidar da ke hana Android kashe ta.

Kuma duk wanda ya kunna Ultra power saving ya sani babu dokar da za ta yi aiki sai ya fita daga ciki.

Ummi: Yaya Sani, kashe data da kunna ta fa a MacroDroid? Ana zaɓar aikin sai ta rubuta wai tana buƙatar root ko ADB.

Sani Mai Gyara: Haka ne ƙanwata, Android ba ya barin manhajar waje ta taɓa data haka kawai. Ko Wi-Fi ma tun daga Android 10 aka hana, shi ya sa MacroDroid ke cewa a sauke wata ƙaramar manhajar taimako daga shafinsu. Root kam, wato buɗe tsarin waya don samun cikakken iko a kanta, ban ba da shawara ba, manhajojin banki da yawa ba sa buɗewa a wayar da aka yi wa. ADB, wato hanyar ba waya umarni daga kwamfuta, ya fi sauƙi, sau ɗaya ake yi da kwamfuta. A shiga About phone a taɓa Build number sau 7, Developer options zai bayyana. A kunna USB debugging, a jona waya da kwamfutar da ke da ADB, a amsa tambayar da za ta fito a fuskar wayar, sai a rubuta:

adb shell pm grant com.arlosoft.macrodroid android.permission.WRITE_SECURE_SETTINGS

A Redmi sai an ƙara kunna wani USB debugging na biyu mai ɗauke da Security settings, in ba haka ba umarnin zai dawo da kuskure. In an gama a kashe Developer options, izinin yana nan ko an kashe waya an kunna, sai in an goge manhajar. Amma a sani ba kowace waya ce ke yarda a juya data ko da wannan izinin ba. A gwada kafin a dogara.

Auwal Fagge: To batun sallah fa? Shi ne ya fi damun jama'a. Ana tsakiyar ruku'u waƙa ta tashi a aljihun wani.

Malama Hadiza: Hanyar wuri ta fi dacewa da hankali. A MacroDroid a zaɓi Geofence, a nuna masallaci a taswira, a ce in an shiga da'irar a kunna Do Not Disturb, wato yanayin da ke sa waya shiru, in an fita a kashe. Ba ruwanka da ƙarfe nawa aka tayar.

Malam Nasiru: Malama, a takarda ta fi, a aikace ita ce ta fi ba da kunya. Da'irar ba ta aiki sosai in ta gaza mita 100 zuwa 150. Masallacin unguwa kuwa sau da yawa taku hamsin ne daga ƙofar gida ko shago, ka ga gidan ma yana cikin da'irar, waya za ta wuni shiru. Na biyu, Android kan yi jinkirin wasu mintuna kafin ya gane an shiga wuri in wayar tana aljihu. Wanda ya zo a makare, kafin wayar ta farga an kai raka'a ta biyu. Na uku, dole Location ya kasance a kunne kullum, kuma izinin ya zama Allow all the time. Wurin da hanyar nan ke da amfani shi ne masallacin Juma'a, mai nisa da gida, wanda ake daɗewa a ciki.

Malama Hadiza: Na yarda da batun kusanci. Amma hanyar lokaci ma tana da nata. Lokutan sallah suna tafiya. A Kano rana kan faɗi wajen ƙarfe 6 saura a ƙarshen Nuwamba, a Yuli kuma sai kusan 7 saura kaɗan. Tazarar ta kusa awa guda. Wanda ya kafa 6:30 zai dace na 'yan makonni ne kawai.

Malam Nasiru: Shi ya sa ake raba su. Azahar da La'asar yawancin masallatai suna da tsayayyen lokacin da suka saba, ba a cika motsa shi ba. Waɗannan a yi musu jadawalin Do Not Disturb na cikin waya, minti 20 kowanne, ba sai da wata manhaja ba. Magariba a ɗaure ta da faɗuwar rana. MacroDroid tana da Sunrise/Sunset, iPhone ma a ƙarƙashin Time of Day akwai Sunrise da Sunset, kuma duka biyun suna barin a ƙara ko a rage mintuna. Isha'i a lissafa daga faɗuwar rana, Asuba a lissafa baya daga fitowarta. Mutum ya duba tazarar da masallacinsa ke bi na kwana biyu ko uku ya sa wannan adadin, ya riƙa dubawa in yanayi ya juya.

Mai iPhone kada ya sa Wait na minti 20 a cikin doka ɗaya don ta mayar da sauti. Wayar kan yanke dogon jira in allo ya mutu, sai ta zauna shiru har dare. Ya haɗa doka ta biyu daban mai kashe Focus ɗin, wato yanayin shirun iPhone.

Hajiya Rabi: Akwai tarkon da ba ku ambata ba. Do Not Disturb yana da zaɓin barin mai maimaita kira ya shigo. A Android in lamba ɗaya ta sake kira cikin minti 15 wayar za ta yi ƙara, a iPhone cikin minti 3. Mutanenmu kuwa in suka kira ba a ɗaga ba, kafin ka ce kwabo sun sake dannowa. Don haka a dokar sallah a kashe Repeat callers, a kuma cire lambobin da aka sa wa tauraro daga waɗanda aka bari su shigo. A dokar barci ne ake barinsu, saboda iyaye da larurar dare. Ƙararrawar agogo ma tana ratsa Do Not Disturb, mai alam ɗin shan magani ya lura.

Injiniya Bala: Hajiya ta kawo abin da ya fi komai. Bari in kawo wata dokar da ta dace da halin da muke ciki, ta sanar da kawo wuta. A sami tsohuwar wayar Android da ba a amfani da ita, a sa mata layi mai ɗan kuɗi, a jona ta a soket ɗin da ke kan layin NEPA kai tsaye, ba na inbata ko janareta ba. A MacroDroid abin tayarwa shi ne Power Connected, aikin kuma Send SMS zuwa lambar mai gida: "An kawo wuta." Doka ta biyu Power Disconnected, "An ɗauke." Mai shago ko mai injin niƙa ko wanda ke jiran ya tura ruwa tanki ya san amfanin wannan.

Matsalar ita ce wuta mai ƙyaftawa. In ta zo ta koma sau shida cikin minti biyu, saƙo goma sha biyu ne zai fita, kuɗin layin ya tafi. Maganinsa, bayan Power Connected a sa Wait na daƙiƙa 60, sannan a ɗora wa aikin tura saƙon sharaɗin cewa har yanzu caja na ba da wuta. In ta koma kafin minti ya cika ba abin da zai fita.

Sani Mai Gyara: Injiniya a ƙara da gargaɗi. Wayar da ke kwana a caji kullum cikin zafin Afrilu batirinta kumbura yake yi, har ya ɗaga murfin baya. A ajiye ta inda iska ke shiga, ba kan katifa ko cikin durowa ba, a cire mata riga, a duba bayanta duk mako. In ta fara tudu a cire ta nan take. A kuma yi amfani da caja mai kyau, don wutar da ke dawowa da ƙarfi caja take fara ci. Samsung na da Protect battery mai tsayar da caji a 85, a sababbi kuma 80, in tsohuwar wayar tana da shi a kunna. Layin ma a riƙa sa masa kati lokaci-lokaci kada kamfani ya rufe shi.

Ga wayar hannu kuma, doka mai sauƙi: Battery Level ya kai 80, a buga wani sauti. A wurin cajin kuɗi ko inda mutum biyar ke layin soket ɗaya tana da amfani.

Hajiya Rabi: Ni a ganina duk abin da aka lissafa babu mai rage wahala kamar gajerun kalmomin kibod, kuma ba ya cin batir, ba abin da ke kashe shi. A Gboard, kibod ɗin Google, a shiga Settings, Dictionary, Personal dictionary, a zaɓi All languages, a taɓa +. A layin sama a rubuta cikakken abin, misali lambar akawun da sunan banki da sunan mai akawun. A layin ƙasa a rubuta gajeren, misali akk. Duk inda aka rubuta akk, cikakken zai fito a saman kibod, sai a taɓa. A iPhone yana Settings, General, Keyboard, Text Replacement, shi da an danna tazara yake sauyawa da kansa. Haka za a yi wa adireshin shago, kwatancen gida, imel, da doguwar gaisuwar da ake buɗe saƙo da ita.

Kuskure biyu ake yi. Wasu suna ajiyewa a ƙarƙashin English, sai su koma kibod ɗin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ su ga bai fito ba, shi ya sa na ce All languages. Wasu kuma suna zaɓar gajeren da kalma ce ta gaske, kamar "gida", a iPhone sai lambar akawun ta faɗo tsakiyar ta'aziyya. Lambar sirri da BVN kuma ba a ajiye su a nan.

Ummi: Anti Rabi, masu sayar da kaya a WhatsApp fa? Akwai hanyar tsara saƙo ya tafi da kansa gobe da safe?

Hajiya Rabi: WhatsApp Business na da abu uku a Business tools. Quick replies, ana ajiye har 50, in an danna / a cikin hira sai jerin ya fito, a zaɓi na farashi ko na kuɗin aike. Greeting message yana zuwa ga wanda ya fara yi miki magana, ko wanda ya dawo bayan kwana 14 ba ku yi magana ba. Away message kuma ana ɗaure shi da lokutan da shago ke rufe. Sai dai duka biyun nan na ƙarshe daga wayarki suke fita, in datarki a kashe take ba za su je ba.

Tsara saƙo ya tafi gobe kuwa, manhajojin da ke yi wa WhatsApp wannan dabara suke yi: suna karɓar izinin Accessibility, su buɗe wayar su danna maɓallin da kansu kamar yatsa. Don su yi hakan ba ki kusa, yawanci sai kin cire makullin allo. Wayar da ke da manhajar banki a bar ta ba makulli saboda saƙon barka da safiya? Bai kai ba. Su GBWhatsApp kuma, wato WhatsApp na jabu, rufe lamba ake yi a kansu. In saƙon tes ne, a Google Messages a danne maɓallin turawa a riƙe, zaɓin rana da lokaci zai fito, amma wayar ta kasance a kunne da sabis. Telegram ma haka ake danne maɓallin, kuma nasa ya fi, don saƙon yana wurinsu, ko wayar ta mutu zai tafi.

Issoufou Maraɗi: Sannunku da aiki. Wayoyinmu a nan da Faransanci suke, Do Not Disturb shi ne Ne pas déranger, Settings kuma Paramètres, sauran duk ɗaya ne. Tambayata kan lambobin duba kuɗi da forfe, wato data, ce. Ana iya mayar da su taɓawa ɗaya?

Injiniya Bala: Ana iyawa Malam Issoufou. Ka ajiye lambar a matsayin suna a cikin lambobin waya, da tauraronta da # ɗinta. Sai ka danne fili a fuskar waya, ka shiga Widgets, ka jawo Direct dial na Contacts, ka zaɓi sunan. Lambobinku na Nijar sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai ka sa na layinka. A Najeriya tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe su a duk layuka: *310# duba kuɗi, *323# duba data, *312# sayen data, *303# rance. Mai layi biyu ya buɗe sunan ya kafa masa SIM ɗin da zai riƙa bi, in ba haka ba kullum sai an tambaye shi.

In an sa lambar cikin wata manhajar doka aka ga tana yanke # ɗin ƙarshe, a rubuta %23 a madadinsa. Abin da ban so shi ne jera zaɓuɓɓuka a layi ɗaya don sayen data kai tsaye, irin tauraro 1 tauraro 2 tauraro 3. Kamfanoni suna sauya jerin ba sanarwa. Abin da yake na wata a yau gobe yana iya zama na kwana ɗaya, kuɗi kuma ya riga ya fita.

Auwal Fagge: Akwai masu shaguna da ke sa waya ta karanta alat da murya in kuɗi ya shigo. Yaya ake yi, kuma yana da kyau?

Malama Hadiza: Yin sa ba wuya. Abin tayarwa Notification Received, a zaɓi manhajar bankin, a sa sharaɗin rubutun ya ƙunshi kalmar Credit ko yadda bankin ke rubutawa, aikin kuma Speak Text. Za ta nemi izinin Notification access. Kada a ce ta karanta sanarwar gaba ɗaya, don wasu bankuna suna haɗawa da ragowar kuɗin akawun, ka ga an shelanta wa duk wanda ke shagon. A sa ta ce "kuɗi ya shigo" kawai.

Malam Nasiru: Kuma kada a kuskura a ɗaure ta da saƙon tes. Masu alat ɗin bogi tes suke turowa da sunan banki a sama. In waya ta saba cewa "kuɗi ya shigo" da an turo tes, yaron shago zai miƙa kaya ba tare da ya duba ba, an sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Ko ta manhajar bankin ce, muryar kira ce a zo a duba, ba rasit ba ce. Haka duk dokar da ke tura tes ɗin da ya shigo zuwa wata lamba, a guje ta, lambobin OTP ta nan suke bi. Wanda aka ba waya ya haɗa wa doka a kasuwa, mai wayar ya buɗe ya karanta abin da aka haɗa kafin ya bar wurin.

Malama Hadiza: Ban ƙi ba, amma shagon da mutum uku ke sayarwa waya ɗaya ke karɓar alat, muryar tana rage "ya shigo? bai shigo ba?" sau ɗari a yini. A yi ta da sharaɗin lokaci, daga 8 na safe zuwa 9 na dare, kada ta yi magana a cikin sahu ko cikin mota.

Sani Mai Gyara: Saura abu ɗaya da ke cinye data ba a sani ba. Waya kan ɗauki yawancin Wi-Fi a matsayin na kyauta. In ka hau MiFi, nan take Play Store zai fara sabunta manhajoji, Google Photos ya fara kwashe hotuna, WhatsApp ya sauke bidiyon duk rukunonin da kake ciki. A shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin a mayar da shi Metered, wato mai ƙididdigar data, a iPhone kuma a kunna masa Low Data Mode. Sau ɗaya ake yi wa kowane MiFi. A WhatsApp kuma, Storage and data, a cire bidiyo da takardu daga saukar kai tsaye.

Ummi: Yaya Sani, in an bi duk matakan nan doka ta ƙi tashi, ta ina ake fara bincike?

Sani Mai Gyara: Ta System Log a cikin MacroDroid. Yana rubuta duk dokar da ta tashi da lokacinta. In kin ga sunan dokar a lokacin da ya kamata amma aikin bai faru ba, izini ne ya rage, ki duba na Do Not Disturb access ko na SMS. In babu komai a wannan lokacin, har da sauran dokoki, wayar ce ta kashe manhajar, ki koma kan batir da Auto-start. In dokar Wi-Fi ce kaɗai ta ƙi, ki duba Location, don Android ba ya nuna wa manhaja sunan Wi-Fi sai yana kunne. Wanda kuma ya karɓi manhajar ta Xender maimakon Play Store, daga Android 13 zai iya tarar da maɓallin izinin ya dushe ba ya taɓuwa. Sai ya shiga App info, ɗigo uku na sama, ya taɓa Allow restricted settings, sannan ya koma ya ba da izinin.